Kwamfuta biyu, kuɗi ɗaya: wace za a saya wa ɗalibi?

Jama'a masu karatu, musamman iyayenmu mata na kasuwa, kun san duk shekara da zarar sakamakon jarabawar bak ya fito, guɗa ba ta gama sauka ba sai lissafi ya biyo baya. Ga kuɗin rajista, ga na ɗaki, ga katifa, sannan ga wani abu da ba a san shi ba a zamanin karatunmu, wato kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda yara ke ce wa ordinater. Yau ɗalibin jami'a, ko a Yamai yake, ko Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, malamai ta salula suke turo mashi darasi, kuma idan ya zo ƙarshen karatu da kwamfuta zai rubuta memwar ɗinsa. Saboda haka sayenta ya zama dole a gidaje da yawa.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne, wata Hajiya mai sayar da atamfa a babbar kasuwar Maraɗi ta tare mu a ƙofar gidan rediyo bayan mun sauka daga shiri. Ɗanta na fari ya samu bak, zai shiga sashen aikin gona na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa, "yaron nan" kawai take cewa. Ta kwashi adashenta na wata goma, ta ƙara da wani abu daga cikin jari, ta haɗa jikka 220. Sun je wani shago, mai shagon ya fito masu da kwamfuta biyu, duka na hannu ne, kuma kuɗinsu ɗaya. Yaro ya kafe a kan guda, ita kuma hankalinta bai kwanta ba.

Ta ce mana: "Ni dai in atamfa ce, ko da dare na taɓa ta na san ta Holan, na san ta kwaikwayo. Amma wannan abu, baƙin ƙarfe biyu kawai nake gani. Kuɗin nan in suka tafi, ba ni da wasu sai baɗi."

Mu ma da yake ba sana'armu ba ce, sai muka nemi wani mai gyaran kwamfuta da ya daɗe yana yi mana aiki, muka ɗunguma mu huɗu zuwa shagon. Ga abin da muka gano.

Wace da wace?

Ta farko ita ce Dell Inspiron 15 mai lamba 7567, wadda ta fito a 2017. An ƙera ta ne domin wasa. Babba ce, allonta inci 15,6, nauyinta ya haura kilo 2 da rabi, kuma idan an kunna ta madanninta sai su yi jan haske. Wannan jan hasken, mu dai a ganinmu, shi ya fara sace zuciyar yaro.

Ta biyu ita ce Lenovo ThinkPad T480, ta 2018. Irin wadda kamfanoni da ofisoshin Turai da Amurka ke saya wa ma'aikatansu ce, bayan shekara uku ko huɗu su sauya, tsofaffin su biyo hanyar Dubai ko Kano ko Lome su iso mana. Baƙa ce wuluk, ba ado, allonta inci 14, nauyinta wajen kilo 1,6. Ga ɗan ƙarce a bayanta.

Mai shago ya ce: "Hajiya, duka biyun i5 ne, duk wadda kika ɗauka ba ki yi asara ba." Nan ne mai gyara ya yi murmushi, ya ce a kunna su tukuna.

Lambar bakin zane

Mai gyara ya yi wa Hajiya bayani da abin da ta sani. Ya ce yadda take juya atamfa ta karanta rubutun da ke bakin zane, haka ita ma kwamfuta take da nata rubutun. Ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da ita kamfanin Intel ne ya ƙera, kuma sunan i3, i5 ko i7 da ake liƙawa a jiki bai isa ba, sai an duba lambar da ke biye. Ta Dell tana da i5-7300HQ, ta Lenovo tana da i5-8250U. Lambar farko bayan ɗan layin ita ke faɗin zubin da aka yi ta, wato jenerasiyon a bakin masu gyara. Kenan ta farko zubi na 7 ce, ta biyu zubi na 8. Idan lambar ta fara da 10, 11, 12 ko 13, to zubin ke nan. Ya ƙara da cewa mutane da yawa sun sha cuta a nan: a nuna masu i7 su yi ta murna, alhali zubi na 4 ce, kuma sau da yawa i5 ta zubi na 8 ta fi ta aiki.

Ina ruwan Hajiya da 7 ko 8? Ruwanta babba ne. Manhajar Windows 10, wadda yawancin tsofaffin kwamfutoci ke aiki da ita, kamfanin Microsoft ya daina kula da ita kyauta ranar 14 ga Oktoba 2025. Ya dai ba da ƙarin wa'adin shekara guda ga wanda ya yi rajista, zuwa Oktoba 2026. Kwamfutar ba za ta mutu ba don wa'adi ya cika, amma za ta zama kamar shagon da aka daina gyara wa ƙofa, ɓarayin intanet kuwa ba sa barci. Magajiyarta ita ce Windows 11, kuma a ƙa'idar Microsoft, in ban da ƴan kaɗan, ƙwaƙwalwar Intel sai daga zubi na 8 zuwa sama take karɓa. Ta Lenovo ta shiga ke nan, ta Dell kuwa ta tsaya a bakin ƙofa. Masu gyara suna da dabarar cusa mata Windows 11 da ƙarfi, amma kamfanin bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko mata gyara ba. Yaron da zai yi aƙalla shekara 3 kafin ya samu lisans, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Tebur da sito

Abu na biyu shi ne RAM da wurin ajiya. Mai gyara ya ce RAM kamar teburin da Hajiya ke baje kaya ne: in yana da faɗi, za ta buɗe turmi goma a lokaci guda mai saye ya zaɓa, in ƙarami ne sai ta naɗe wannan kafin ta buɗe wancan. Duka biyun suna da jiga 8, wanda ya isa rubutu da lissafi da karatu a intanet. Ƙasa da haka, irin masu jiga 4, wahala ce ko da an ba ka da araha. Kuma duka biyun suna da gurbi biyu na RAM, ana iya ƙara masu.

Wurin ajiya kuwa shi ne sito. A nan mai shago ya ɗaga murya, ya ce ta Dell tana da jiga 1000, ta Lenovo kuwa 256 kacal. Gaskiya ya faɗa, amma bai ƙarasa ba. Ajiyar ta Dell ɗin nan tsohon samfuri ce, faifai ne ke juyawa a ciki da wata ƴar allura tana karantawa. Yana da nawa wajen aiki, kuma ba ya son jijjiga: ɗalibin da ke hawa kabu-kabu kullum da jaka a baya, faɗuwa ɗaya na iya tafiya da aikin shekara. Ta Lenovo kuwa SSD gare ta, babu abin da ke motsi a ciki. Muka kunna su tare muna kallon agogo. Ta Lenovo ta gama buɗewa har an fara rubutu, ɗayar tana nan tana nishi. Ana iya saka wa ta Dell SSD, amma wannan wani kuɗi ne daban bayan jikka 220.

Inda yaro ya yi gaskiya

Kada mu zalunci yaro, shi ma yana da hujja. Ta Dell tana da wani abu da ɗayar ba ta da shi, wato katin hoto na musamman, kart girafik, samfurin GTX 1050 na kamfanin Nvidia. Shi ke ɗaukar nauyin zana hotuna masu motsi. Da shi wasanni irin su GTA V, wanda ya fito a kwamfuta a 2015, ko wasan ƙwallo na PES 2021, suna tafiya sumul. Ta Lenovo kuwa ɗan abin da ke cikin ƙwaƙwalwarta ne ke yin wannan aiki, tsofaffin wasanni kawai take iya ɗauka, su ma sai an rage kyan hoto. In dai wasa ne ma'auni, ta Dell ta yi nasara, babu gardama.

Kuma mu ba mu ce wasa laifi ba ne. Mu ma mun yi namu a zamaninmu, mun bar kuɗin karin kumallo a ɗakunan wasan bidiyo na unguwa. Yaron da ya yi karatu ya gaji, ya buga ƙwallo ta awa guda a ɗakinsa, ya fi wanda ba a san inda ya kwana ba.

Sai dai mai gyara ya tambaye shi: "Ƙanena, wane wasa kake son bugawa?" Ya ce sabuwar FIFA. Nan aka yi dariya. Wasan da aka sani da FIFA ya sauya suna tun 2023, ya koma EA Sports FC. Kuma tun daga FIFA 23, mafi ƙarancin katin da kamfanin ya ce a tanada shi ne GTX 1050 Ti, wanda ya ɗara na cikin wannan kwamfutar, ga kuma wurin ajiya jiga 100. Wato na'urar da yaro ya kafe a kanta saboda wasa, ita kanta ba ta kai ma'aunin sabon wasan da yake mafarki ba. Da aka ƙara bincikawa, ashe wasan da ya fi bugawa kullum Free Fire ne, shi kuwa a salularsa yake bugawa.

Wuta, zafi da ƙura

Waɗannan na'urori ba don ƙasarmu aka ƙera su ba, saboda haka dole a auna su da halin da muke ciki. Kowa ya tuna watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take turo mana, har da layin da ke fitowa daga Katsina zuwa Gazawa, ba a maido ba sai a watan Maris na 2024. Ko ba wannan ba, duk bazara mun san yadda wuta ke zuwa tana tafiya.

Cajar ta Dell wat 130 ce, ƙatuwa kamar bulo. Ta Lenovo wat 65 ce, mai bakin USB-C irin na sababbin salula, wanda samunsa ba wuya in ta ɓace. Ƙwaƙwalwar ta Dell an tsara ta a kan wat 45, ta Lenovo a kan wat 15. Ga gidan da ke dogara da ƙaramin panno da batir guda, wannan bambanci shi ne tsakanin a yi karatu da fanka a kunne ko a kashe fanka.

Batun batir kuwa, gani ya kori ji. Tana sabuwa, batirin ta Dell ya fi girma, 74 Wh ne. Ta Lenovo ɗin da muka gani batir biyu gare ta, na ciki da na waje, kowane 24 Wh. Amma na hannu ba a auna shi da yadda ya fito daga kamfani. Mai gyara ya buɗe baƙin allon umarni na Windows ya rubuta powercfg /batteryreport, sai ga takarda ta fito da lamba biyu: abin da batir ke ɗauka yana sabo, da abin da yake ɗauka yanzu. Na Dell ya sauka ƙasa da rabi, abin da ba mamaki ga na'urar da ta yi shekaru tana wasa cikin zafi. Na cikin Lenovo yana da sauran ƙarfi, na wajen ya gaji. Amfanin na waje shi ne da hannu ake zare shi a saka wani, ko kashe kwamfutar ba sai an yi ba, kuma akwai babbansa mai 72 Wh ga wanda ya samu hali daga baya. Ɗalibin aikin gona da za a tura ƙauye ya yi kwanaki yana auna gonaki, wannan ya fi mashi jan haske amfani.

Sai zafi. A watan Afrilu da Mayu mun saba ganin ma'auni ya haura digiri 40 a Maraɗi da Tawa da Yamai. Kwamfutar wasa fanka biyu gare ta, iska take zuƙa da yawa, a lokacin hunturu kuwa ƙura take zuƙa tare da iskar. Idan ƙura ta toshe hanya, ƙwaƙwalwa ta kusa digiri 100, sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Mai gyara ya ce irin wannan na'ura a garinmu sai an riƙa buɗe ta ana share ta a kai a kai, kuma ko wace iri ce kada a ɗora ta a kan katifa ko darduma ana aiki, domin ta ƙasa take shaƙar iska.

Aibin ta biyun

Ita ma ta Lenovo ba ta fita tsaf ba. Da yake ta hanyar Kano ta shigo, madanninta na Ingilishi ne, wanda haruffansa na sama suka fara da QWERTY. Ta Dell daga Faransa ta fito, nata AZERTY ne. Ɗalibinmu da Faransanci zai rubuta komai, yana buƙatar é da è da ç a kusa da yatsa. Maganin yana da sauƙi: a sauya tsarin a cikin Windows a liƙa ƴan takardun haruffa, ko kuma a canza madannin gaba ɗaya, wanda a wannan samfurin ba aiki mai wuya ba ne. Allonta ma ya fi ƙanƙanta, kuma wannan samfurin yana zuwa da allo iri-iri, akwai mai 1366 x 768, akwai mai 1920 x 1080. Na biyun ya fi sauƙi ga idon mai dogon karatu, sai a duba kafin a biya.

Haka kuma ba kowane ɗalibi ne za mu ce ya bi wannan hanya ba. Wanda zai karanta shari'a ko tattalin arziki a Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa, ko adabi a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, ko likitanci a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, aikinsa rubutu ne da lissafi da karatun littattafai, mai sauƙin ɗauka da daɗewar batir ta fi mashi. Amma wanda zai yi zanen gine-gine a IUT, ko haɗa bidiyo, shi katin hoto kayan aiki ne a wurinsa kamar keke a wurin tela. Irin wannan ɗalibin ya nemi mai katin hoto, amma ya dage sai zubi na 8 ko sama, ko da zai ƙara jira wata biyu ya cika kuɗi.

Kafin ki ƙirga kuɗi

Iyayenmu, ga abin da muka tsinta a wannan zama, wanda ba ya buƙatar a iya boko.

Kada a yi cinikin biri a sama. Hoto a WhatsApp ba kaya ba ne, sai an gani an taɓa. A je da mai gyara wanda ku kuka nemo, ba wanda mai shago ya kira ba, a ba shi ɗan abin goro.

A zare caja a bar kwamfutar tana nuna bidiyo rabin awa, a ga nawa batir ya sauka. Mai shagon da ya ƙi yarda da wannan, ya riga ya ba ku amsa.

A danna kowane madanni, a gwada kowace kafa ta kile, da kamara, da lasifika, da wifi. A buɗe farin shafi a duba ko allo yana da tabo ko layi. A buɗe murfin a rufe sau da yawa a ji ko maɗaurinsa ya saki.

A sa mai gyara ya shiga BIOS ya tabbatar babu lambar sirri a ciki. Kwamfutocin da suka fito daga ofisoshi wani lokaci sukan zo a kulle, kuma irin wannan kulli cire shi aiki ne ja.

A karɓi faktir mai ɗauke da lambar jikin na'urar, da sunan shago, da kwanakin garanti a rubuce. Wannan takarda ita ce za ta fid da ɗanku idan wata rana aka ce kayan sata ne aka kai magana komisariya.

Yadda aka ƙare

Hajiya ta saurari kowa, ba ta ce uffan ba sai da aka gama. Sannan ta juya ga ɗanta ta ce: "Kai, ni makaranta na tura ka, kuma kuɗin nan ka san inda suka fito. In ka fara cin guminka, ka sayi mai jan wuta har biyu." Yaro ya sunkuyar da kai ya ce: "To, Inna."

Daga nan ne muka ga aikin ƴar kasuwa. Ba ta nemi ragin ko dala ba. Ta ce wa mai shago jikka 220 ɗin suna nan yadda ya faɗa, amma ya ƙara RAM ta zama jiga 16, ya canza batirin waje da ya gaji, ya rubuta mata garantin wata guda. Aka yi ta ja, ya ce albarka, ta miƙe ta gyara mayafi, ya ce Hajiya dawo. A ƙarshe ya yarda da RAM da garanti, batir kuwa aka raba kuɗinsa biyu. Mai gyara ya raɗa mana cewa abin da ta karɓa ya fi ragin da za a yi mata.

Kafin mu tashi, mai gyara ya gwada wa yaro wasan ƙwallo na PES 2017 a kan baƙar kwamfutar, aka rage hoto, ya tashi yana gudu. Fuskarsa ta ɗan saki, ko da yake har muka fita yana waiwayen ɗayar.

Hausawa sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida, kuma nagari a nan shi ne wanda ya dace da karatun yaro da wutar gidanku. Saboda haka kafin a shiga shago, a fara tambayar ɗalibi sashen da zai karanta da manhajar da malamansa ke aiki da ita, in bai sani ba ya tambayi waɗanda suka riga shi shiga. Allah ya sa wa kasuwa albarka, ya ba ɗiyanmu ilimi mai amfani, amin.